Abin da Suka Ƙona

Ni ba makaɗi ba ne.
Rediyo nake gyarawa a Idi-Araba,
shago mai faɗin tabarma biyu, bayan mahauta.
Amma shekara arba'in da ɗoriya
duk abin da 'Yan Tsawa suka ƙona, a teburina yake kwana.
Hancina ya riga kunnena sanin kiɗansu.

Zuwan farko, suma kamar kwando, wando na sharar titi,
Adigun ya dire mini lasifika
ta yage kamar bakin tsohon buhu.
Ya ce, Mamuda, Asabar muna Yaba.
Na je. Ban ji waƙa ba, ƙirjina na ji.
Bas ɗin Etim na tafe kamar moluwe ta cika ta batse
tana nishin hawan gadar Ido,
jitar Tanimu na yankowa ta gefe, ba birki, ba sallama.
Fank suke ce masa, wai da rok a ciki.
Ni dai ƙaurin waya na shaƙa,
na ce Litinin za su dawo.
Suka dawo.

Da kuɗin mai ya shigo gari aka ƙaro masu ƙaho uku.
Kiɗan ya yi tumbi, ya sa kwat, ya koyi murmushi a otal.
Da kuɗin ya fita, masu ƙahon suka bi shi:
ɗaya coci, ɗaya Kwatano,
ɗayan har yau ina binsa naira sha biyu.
A madadinsu aka sauko da fiyanon lantarki daga Apapa,
akwati guda yana kwaikwayon mutum uku.
Ban so shi ba. Ba ya gumi.
Ko ya lalace, shiru yake yi kamar mai gaba,
in buɗe cikinsa in rasa wurin ɗiga dalma.

Tanimu ya rasu shekarar da ruwa ya ci layinmu.
Wata takwas ko fis ba a kawo mini ba.
Da suka koma, ba su nemi wani ba.
Inda jitarsa ke shigowa suka bari fili,
giɓin haƙori, harshe sai komawa yake.
Kaset ɗin nan bai yi kasuwa ba.
Shi nake sawa in na ja ƙofar shago,
janareton maƙwabci yana cike giɓin da nasa kukan.

Yanzu 'yar Etim ce, Arit, da kwamfuta a cinya.
Ta yanko bas ɗin ubanta na da,
daƙiƙa huɗu kacal,
ta sa yana zagaye kamar akuya a turke,
uban na zaune yana bin kansa a baya.
Tsofaffin masoya na tsaki a ƙofar gidan rawa,
wai ba su ba ne, an sauya musu kaya.
Ina duban gwiwoyinsu.
Su ma ai ba su ba ne.

Makon jiya Adigun ya hawo matakalata yana haki.
Na share tebur, na ɗauka lasifika ce.
Ya buɗe tafin hannu:
abin ƙara ji, bai kai ƙwayar gurjiya ba.
Ya ce, sama-saman sautin ya tafi, Mamuda,
da tafin ƙafa nake jin Etim yanzu,
shi ya sa muka rage gudu.
'Yan jarida na cewa mun yi zurfi.

Muka yi dariya har mahauci ya leƙo.

Na sa tabarau biyu, na kai abin kusa da hanci.
Can ciki, kaɗan,
ƙaurin nan na Yaba.
Na ce ya dawo Litinin.